Shekarar da Na Ƙi Sa Hannu a Rahoton Shinkafa

Tun ranar da Falmata ta dawo daga suna a ƙauye fuska a murtuke, ta ce mini wata tsohuwa ta nuna ta da baki a tsakar gida ta ce, “Ga 'yar wanda ya hana mu injin ban ruwa,” na san ba makawa sai na zauna na rubuta wannan babi. Fiye da shekara ashirin ke nan ana maimaita maganar nan, kuma kowa da yadda yake ba da ita. Wasu sun ce toshiyar baki aka ba ni don a karkatar da shirin wani wuri. Wasu sun ce hassada nake yi wa yayana. Akwai ma wanda ya ce boko ne ya taɓa mini kai, kuma a cikin ukun wannan kaɗai nake ɗan saurara. Ku 'ya'yana kun taso kuna jin gutsattsarin zance, babu wanda ya taɓa tarata ya tambaye ni, ni kuma na gaji da bayani tun kafin a yaye wasunku. To ga shi a rubuce.

A lokacin ina aiki a Haɗeja da wani shirin bunƙasa noman shinkafa a fadama, wanda wasu masu ba da tallafi daga waje suka ɗauki nauyinsa. Ba zan kira sunansa ba, ya riga ya mutu. Ni ne jami'in ƙididdiga, wato mai bin diddigi ya faɗa ko abin da ake yi yana haifar da ɗa mai ido. Zangon farko na shirin ya raba wa manoma sabon iri, da wani taki na musamman, da maganin feshi, aka kuma yi musu horo. An ce idan rahoto ya nuna an ci nasara, za a shiga zango na biyu, wanda zai kawo injinan ban ruwa don noman rani, a kuma faɗaɗa zuwa ƙarin ƙauyuka. Ƙauyenmu na ƙasar Kirikasamma yana cikin jerin, sunansa na uku daga sama. Yayana Modu, wanda muke ciki ɗaya, shi ne shugaban ƙungiyar manoman garin, kuma tun kafin a buga jerin a takarda ya tsaya a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a ya gaya wa mutane injina suna hanya, ai ƙaninsa ne ke riƙe da biro a ofis. Mutane suka shiga sharar fili a bakin ruwa, suna sassabe, suna ƙona kacala, ciyawar nan da ta toshe mana hanyoyin ruwa. Bai tambaye ni ba kafin ya yi wannan alkawari. Yaya Modu bai taɓa tambayata komai ba a rayuwarsa, sai dai ya sanar da ni.

Daminar wannan shekara ta zo da ruwa mai yawa. Kogi ya tumbatsa, ya cinye fiye da rabin gonakin da muka sa wa alama don aunawa. Da kaka ta yi, gonaki arba'in da 'yan kai kawai na samu na auna amfaninsu, daga Miga zuwa can gabas, a kan babur da kwalekwale, wani wurin ma da ƙafa, wando a naɗe har gwiwa. Na dawo ofis da takardun, muka zauna ni da Madam Rifkatu, abokiyar aikina, 'yar Filato da aka haifa a nan Haɗeja, mahaifinta tsohon malamin makaranta ne. Ita take shigar da lambobi a kwamfuta, kuma ban taɓa kama ta da kuskuren lamba ko ɗaya ba.

Bari in yi muku bayanin aikin a taƙaice, don in ba ku gane shi ba, ba za ku gane sauran ba. Lissafin da muke yi, wanda a ofis muke kira rigireshan, shi ne ka ɗauki abin da kowace gona ta bayar, buhu nawa a eka, sannan ka jera abubuwan da kake zaton su ne suka jawo hakan, ka sa lissafi ya raba wa kowanne rabonsa. Namu guda sha ɗaya ne: yawan takin shirin da aka zuba, irin da aka shuka, sau nawa aka yi feshi, ranar shuka, girman gona, shekarun manomi, ko ya halarci horo, da sauransu. Amma kafin ka buɗe baki ka yabi ɗaya daga cikinsu, akwai gwajin da za ka fara wucewa, ana kiransa gwajin F. Za ka fara da ɗauka cewa duk sha ɗayan nan babu wanda ya tsinana komai, bambancin da kake gani tsakanin gona da gona dace ne kawai. Sannan ka ɗauki bambancin da abubuwan nan a haɗe suka iya bayyanawa, ka gwada shi da wanda ya rage suka kasa bayyanawa, kana la'akari da yawan abubuwan da yawan gonakin. Idan lambar da ta fito ta yi girma ta haye iyakar da ke cikin tebur, ka sami damar watsar da wancan zato na farko. Idan ba ta haye ba, ba ka da bakin magana. Ba ka nuna abubuwan suna aiki ba, ba ka kuma nuna ba sa aiki ba. Abin da ka sani kawai shi ne shaidarka ba ta isa ba.

Tamu ba ta haye ba. Ko kusa ba ta yi ba. Na sake duba takardu, na sake lissafin da hannu don kada in zargi na'ura, amsa ɗaya ce. Sai dai a ƙasa, a layin da kwamfuta take jera abubuwan ɗaya bayan ɗaya, akwai ɗan tauraro guda a gefen takin shirin, alamar cewa shi kaɗai in aka dube shi kamar ya yi tasiri. Madam Rifkatu ta kalli tauraron, ta kalle ni.

“Malam Bukar, wannan ɗan ɗigon sai ya raba ka da Manaja.”

“Ai zan yi masa bayani,” na ce.

“To, Allah ya ba da sa'a,” ta ce, ta ci gaba da aikinta.

Manajan shirin mutum ne mai fara'a, bai taɓa ɗaga mini murya ba kafin wannan. Na kai masa takardar, ya sa tabarau, idonsa ya tsallake komai ya dira a kan tauraron kamar an kira shi.

“Alhamdu lillahi! Ga shi nan, takinmu ya yi aiki.”

“Yallaɓai, a duba sama tukuna. Gwajin gaba ɗaya bai wuce ba.”

“Wa ya tambaye ka gaba ɗaya? Taki muka raba, taki ya fito da tauraro.”

“Yallaɓai, idan mutum ya jefa ƙugiya sha ɗaya a kogi, kowacce da abincin da ya sa mata, ɗaya ta kama kifi sau ɗaya, zai tafi kasuwa ya yi shelar cewa ya gano abincin da kifi ya fi so? Ai da ƙugiya sha ɗaya, wata za ta kama ko da tsumma aka ɗaura mata.”

“Malam Bukar, shinkafa muke nomawa, ba su muke yi ba.”

Haka muka yi mako biyu. Kullum in shiga da bayani, in fito da ciwon kai. In na ce shaida ba ta isa ba, sai ya ce, “Wato kana nufin shirin banza ne?” In ce a'a, ban faɗi haka ba. Sai ya ce, “To ashe ya yi aiki ke nan.” In ce wannan ma ban faɗa ba. Sai ya cire tabarau ya ce, “To me ka faɗa?” In ce na faɗa cewa ba mu sani ba. Ya ce ba a ɗauke ni aiki don in ce ban sani ba, wannan ko maigadi zai iya faɗa. Na rantse muku, a duk tsawon aikina ban ga abin da ya fi wuya ba kamar sa babban mutum ya yarda cewa tsakanin “ya yi” da “bai yi ba” akwai wuri na uku da ake tsayawa.

Madam Rifkatu ce ta kawo dabara. Ta ce mu ƙirƙiro abubuwa ashirin na shirme waɗanda kowa ya san ba ruwansu da shinkafa, mu gwada su ɗaya bayan ɗaya a kan gonakin nan, mu nuna masa. Muka sa yawan haruffan sunan manomi, da ranar makon da aka yi masa tambayoyi, da lambar ƙarshe ta takardarsa, da irin waɗannan. Ɗaya ya fito da tauraro: yawan haruffan suna. Bisa ga wannan, Abdulmumini ya fi Ali noma tun daga ranar suna. Muka shiga ofishin Manaja muna murna, muna zaton yau magana ta ƙare. Ya karanta, sannan ya ajiye takardar a hankali.

“Wato ku biyu kuna da lokacin da za ku zauna ku mayar da ni abin dariya.”

Washegari aka mayar da ita ɗakin ajiyar fayil. Ta tattara kayanta, sai da ta zo ƙofa ta juyo ta ce mini, “Kada ka sa in yi zaman ƙura a banza.” Har yau ina jin nauyin wannan, domin nata ladan bai wuce haka ba.

Daga nan Manaja ya rubuta nasa taƙaitaccen bayani, shafi ɗaya, wanda ya ce bincike ya tabbatar takin shirin ya ƙara amfanin gona. Ya cire layin gwajin gaba ɗaya daga tebur, ya bar tauraro. Abin da ya rage shi ne hannuna a ƙasa, domin masu tallafin ba sa karɓar rahoto sai da sa hannun jami'in ƙididdiga. Ya ba ni zuwa Litinin. Yadda labari ya isa ƙauye kafin Asabar ban sani ba, ko da yake ina da wanda nake zargi.

Ranar Asabar da hantsi sai ga Yaya Modu a ƙofar gida, a kan babur, ƙafafunsa duk laka. Lokacin Iya, kakarku, tana zaune tare da mu a Haɗeja saboda ciwon ƙafa. Bai ko zauna sosai ba, a gabanta ya fara.

“Bukar, an ce takarda ɗaya ta rage, kuma a hannunka take.”

“Haka ne, Yaya, amma abin da aka rubuta a ciki ba shi lissafi ya nuna ba.”

“Takin nan ba ya aiki ne?”

“Ban ce ba ya aiki ba.”

“To yana aiki?”

“Ban sani ba, Yaya. Ruwa ya ci gonakin da yawa, waɗanda suka rage ba su isa a yanke hukunci ba.”

“Ni na ga gonar surukina a Miga da idona. Shinkafa ta yi kyau har kwanciya take yi.”

“Ni ma na gani. Na kuma ga ta maƙwabcinsa da ya zuba takin nan daidai da shi, bai tashi da rabin nasa ba.”

“Wannan rago ne!”

Na ɗauko takarda zan zana masa, ya ture hannuna. Ya ce mutum tamanin sun share fili da hannunsu, wasu sun fasa tafiya cin rani saboda maganarsa, shi kuma da wane ido zai kalle su. Na ce masa ai ba ni na aike shi ya yi alkawari ba. Wannan kalma ba ta kamata ba, ko da gaskiya ce, kuma na gane haka tun ba ta gama fita daga bakina ba. Iya, wadda in ranta ya ɓaci Barbarci take komawa, ta yi mini tatas da shi, sannan ta dawo Hausa don mahaifiyarku ta ji.

“Kai Bukar, in ka sa hannu a takardar nan, wani zai mutu?”

“A'a, Iya.”

“Za a ɗaure ka?”

“Da wuya.”

“To in ba ka sa ba, wa zai amfana?”

Ta yaya zan yi wa tsohuwa bayanin cewa da wannan shafi ɗaya za a sayo takin nan tirela-tirela, a gaya wa dubban manoma su bar abin da suka sani su koma kansa, a daina neman ainihin abin da ke hana shinkafa yi, duk a kan ɗigon da zai iya zama dace? Waɗannan mutane ba ta san su ba, ba ta ganin fuskarsu. Wanda take gani shi ne ɗanta na fari a tsaye da laka a ƙafa. Na ce mata, “Iya, shaida ce ake so in bayar a kan abin da ban gani ba.” Ta ce, “Ubanku malami ne, ya san shaidar zur, amma bai taɓa ce mini tana cikin buhun taki ba.” Yaya Modu ya tafi bai sha ruwan da aka kawo masa ba.

Mahaifiyarku ba ta sa baki ba sai da la'asar, ina zaune a zaure ina ta juya takardar. Ta ajiye mini kunu ta tsaya.

“Malam, ni ban san wannan F ɗin naka ba, kuma kada ka fara yi mini bayani. Amma kai na san ka. In ka sa hannu, shekara za mu yi kana yi wa kowa tsawa a gidan nan a kan an bar buta a hanya. In ba ka sa ba, ni za a riƙa juya wa baya a gidan biki. Duka biyun ni zan ɗauka. Ka zaɓi ɗaya kawai ka huta, ka daina zagaye gida kamar mai neman allura.”

Ban ji wata shawara da ta fi wannan ba a makon, duk da ba ta ce mini yi ko bari ba.

Ranar Litinin na mayar wa Manaja takardarsa ba hannu, na ɗora tawa a kai. Kuma a nan ne nawa laifin yake, wanda ba a taɓa zargina da shi ba saboda babu wanda ya san shi. Na rubuta rahotona yadda aka koya mana a makaranta. Jimlar farko ta ce binciken bai sami shaidar cewa kayan da shirin ya raba, a haɗe, sun yi tasiri a kan amfanin gona ba. A shafi na biyu ne na yi bayanin ambaliya, da ƙarancin gonaki, da cewa wannan ba ya nufin kayan ba sa aiki, na kuma roƙi a ba mu damina ɗaya mu sake aunawa, a bar zancen injinan rani ya ci gaba tunda su ba su shiga gwajin ba. Na yi zaton duk wanda aka ba rahoto mai shafi shida zai kai shafi na biyu. Da wakilan masu tallafin suka zo, mutum uku, suka zauna a ɗakin taro da ruwan roba a gabansu, babbarsu ta karanta jimlar farko da ƙarfi, ta ɗaga kai ta ce ashe shirin bai yi tasiri ba. Na miƙe na ce ba haka na rubuta ba. Ta ce ai ga shi. Na ce a juya shafi. Manaja ya ce in zauna, lokaci ya ƙure, akwai ziyarar gona kafin azahar. Ku duba wannan al'amari: mako uku ina faɗa da mutumin da ya ɗauki “ba mu sani ba” a matsayin “ya yi,” sai ga waɗanda suka zo daga wata uwa duniya da digiri bisa digiri sun ɗauke shi a matsayin “bai yi ba.” Na fita waje na tsaya a gindin dalbejiya.

Bayan wata biyu aka ce an rage zango na biyu, an taƙaita shi ga ƙauyukan da ke bakin titi. Namu ya fita daga jerin. Ko rahotona ne kaɗai ya jawo, ko dama suna neman dalilin rage kashe kuɗi, ban sani ba, kuma ba zan fake da wannan ba. Filin da mutane suka share, kafin shekara kacala ta dawo ta rufe shi. Yaya Modu ya sauka daga shugabancin ƙungiya. Ni kuma aka yi mini canjin wurin aiki zuwa Jahun, wani ofis mai ɗaki ɗaya, babu kwamfuta, babban aikina shi ne karanta ma'aunin ruwan sama da safe. A rani kuwa sai in je in duba in rubuta babu. Shekara shida na yi a can, waɗanda muka fara aiki tare suka wuce ni da mataki biyu. Ku kuna tuna lokacin a matsayin shekarun da Baba yake zuwa Juma'a ya koma Lahadi. Da Iya ta rasu, a wurin zaman makoki ni da Yaya muka zauna a tabarma ɗaya kwana uku, muna amsa gaisuwa tare, ba mu ce wa juna komai ba in ban da “matso” da “an kira salla.”

Zaman banza ne ya sa na koma kan maganar. Abin da ya riƙa cina shi ne, in abubuwa sha ɗaya sun kasa bayyana bambancin gona da gona, to akwai wani babban abu da muka bari a waje. Na yi ta tuna gonakin da na shiga: wata ruwa iya idon sawu, wata har cinya. Mun tambayi manomi shekarunsa, ba mu tambaye shi kwana nawa ruwa ya kwanta a gonarsa ba. Saboda haka damina uku a jere, duk Asabar, na riƙa hawa babur ina bin fadama. Na yanko sanduna na yi musu zane da jan fenti, na kakkafa a gonakin waɗanda suka yarda, na roƙe su su riƙa lura da inda ruwa ya kai da kwanakin da ya yi. Wasu sun yarda don tausayi, wasu don su ga ƙarshen haukana. Na tara gonaki fiye da ninki uku na farko, na rage abubuwan zuwa biyar, na sa ruwa a ciki. Madam Rifkatu, wadda ta bar aiki ta buɗe shagon buga takardu a Haɗeja, ita ta ba ni kwamfuta ta kuma shigar mini da lambobin.

Wannan karon gwajin gaba ɗaya ya haye iyaka da tazara mai yawa, babu wata tantama. Kwanakin kwanciyar ruwa su ne suka ɗauki kaso mafi girma. Sai muka gangara layin takin. A gonakin da ruwa bai daɗe a kwance ba, takin shirin yana ƙara amfani, ba sosai kamar yadda Manaja ya rubuta ba, amma yana ƙarawa. Inda ruwa ya kwanta kuwa, asara ce kawai, wanke shi yake yi. Madam Rifkatu ta cire hannu daga kwamfuta ta ce, “Kai! Malam Bukar, da ma ba mu duba ba.” Na kai takardar tsohon ofishinmu, na tarar an rufe shirin, an mayar da ginin wurin ajiye kujeru. Babu wanda zan ba.

Sai na ga akwai mutum ɗaya da ya cancanci ya ji, ko zai zage ni. Na tafi ƙauye na sami Yaya Modu a rumfar ƙofar gidansa da hantsi, yana gyaran taru. Ya tsufa fiye da yadda na zata. Na gaishe shi, ya amsa a taƙaice, na zauna a ƙasa na faɗa masa komai ba tare da takarda ba. Bai katse ni ba, abin da bai taɓa yi ba.

“Wato ruwa ne,” ya ce.

“Ruwa ne, Yaya.”

“Shekara uku da sanduna da na'ura, ka gano in ruwa ya kwanta a kan shinkafa ba ta yi. Da ka tambayi matata ai ta gaya maka tana tuƙa tuwo.”

Ya ja zaren tarun, ya ci gaba da magana.

“Takin kuma yana aiki.”

“A inda ruwa bai kwanta ba, yana yi.”

Ya ajiye tarun, ya dube ni sosai.

“To ashe da ka sa hannu, ba ƙarya ka yi ba.”

“Ƙarya ce, Yaya. Ranar ba mu sani ba. Da abin ya fito akasin haka fa?”

“Amma bai fito ba.”

“Amma ba mu sani ba!”

Na ji muryata ta tashi har matan gida suka leƙo. Ya daɗe yana kallona, yana girgiza kai a hankali, kamar mai duban dabbar da bai san sunanta ba. Sannan ya ɗaga murya ya ce a kawo abinci, akwai baƙo. Aka kawo shinkafa da miyar kifi a kwano ɗaya. Ya wanke hannu, ya turo mini butar.

“Allah ya shirye ka, Bukar. Sa hannu. Wannan dai ai ka gan shi da idonka.”

Na sa. Muka ci har muka ga gindin kwano, yana turo mini tsokar kifi ta gefena yana ba ni labarin wanda ya mutu da wanda ya yi aure. Daga ranar ya koma kirana in ana wani abu a gida, yana sanar da ni kamar da, har Allah ya karɓi ransa. Bai taɓa cewa na yi daidai ba, ni ma ban taɓa cewa na yi kuskure ba. Da za a dawo da ni wannan Litinin ɗin, ba zan sa hannu ba, amma wallahi da shafi na biyu zan fara.